Wasiƙa: Jarumin da ya kwana almajiri ya tashi malami

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in tattauna wani batu da na san ba kowane mai karatu ne ya saba da shi ba, amma wanda ya jawo mana muhawara a teburinmu har tsawon zama uku. Batun ya shafi yadda jarumi yake ƙara ƙarfi da ilimi a wasan nan na labari da ake yi a kan tebur, inda mutum huɗu ko biyar suke zama kowa da jarumin da ya ƙirƙira a takarda, ga kuma jagora guda da yake bayyana musu duniyar da jaruman suke ciki, su faɗi abin da suke so su aikata, a jefa ɗan lido a ga ko abin ya yiwu. Mu shida ne muke haɗuwa a nan Kaduna ranar Asabar, a yi mako ɗaya a huta mako ɗaya, daga bayan la'asar zuwa isha, ni ne kuma nake jagoranci. Tun da wuri ina so in kawar da zargin da aka fi yi mana idan aka ga 'ya'yan lido a gabanmu: babu kuɗin da ake zubawa, babu wanda yake cin wani, zinariyar da zan yi ta ambata a ƙasa kuwa lamba ce da ake rubutawa da fensir a goge. Tatsuniya ce ake haɗa kai a ƙaga, sai dai ita tana da dokoki da lissafi.

Wasan da ya buɗe wannan fage shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 ƙarƙashin kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin, kuma abin da ya fi kama zuciyar mutane a cikinsa tun farko shi ne cewa jarumi yana girma. Yakan fara a mataki na ɗaya da rauni ƙwarai, ya riƙa tara makin gogewa daga dodannin da ya kayar da haɗurran da ya tsallake, idan makin ya kai wani adadi sai ya hau mataki na gaba, juriyarsa ta ƙaru, ya sami dabarun da ba shi da su a da. A bugu na biyar da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014, wanda shi muke amfani da shi, maki 300 ne yake kai jarumi mataki na biyu, 900 na uku, 2,700 na huɗu, 6,500 na biyar, a haka har zuwa 355,000 da ake bukata kafin a taka mataki na ashirin, wanda shi ne ƙololuwa. Littafin 'yan wasa ya faɗi abin da jarumi yake samu a kowane mataki dalla-dalla. Abin da bai tsaya a kai ba shi ne inda jarumin ya koyi abin, da wanda ya koya masa, da kwanakin da koyon ya ci.

A kan wannan giɓin ne rigimarmu ta tashi. Jarumanmu sun shiga wani kogo suna bin sawun 'yan fashi, suka yi kwana biyu a ciki bisa lissafin labarin, suka kwanta a wani lungu bayan wani artabu da ya cika musu maki 6,500. Da gari ya waye, mayaƙin cikinsu ya tashi yana iya kai sara biyu a lokacin da jiya yake kai ɗaya, wannan kuwa ban damu da shi ba, domin hannu yakan saba da takobi. Mai sihirin cikinsu ya tashi da sababbin laƙani biyu rubuce a kundinsa, alhali dokar littafin da kanta ta ce kwafar laƙani ɗaya daga wata takarda tana cin awa biyu da dinari 50 a kan kowace daraja ta ƙarfin laƙanin, ga shi kuwa babu tawada, babu fitilar kirki, babu malami a cikin kogon. Na haɗiye wannan ma. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne na ƙanena, wanda jaruminsa ɓarawo ne da bai taɓa buɗe littafi ba tun da muka fara labarin, sai ya sanar da cewa a wannan matakin ya zaɓi ya zama mai sihiri shi ma, tun da basirar jarumin a takarda ta kai 13 kamar yadda doka ta gindaya. Na ce masa, "Kai kuwa a wace makaranta ka yi wannan karatun tsakanin isha da asuba?" Ya ce, "Yaya, littafi ne ya ba ni, ba kai ba." Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar tasa ce ta sa na koma na binciki yadda magabatan wasan suka ɗauki lamarin.

Dokar gida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa buga lido ko Whot a unguwar da ba tasa ba ya san cewa kafin a fara sai an tambaya yadda ake yi a nan, domin abin da yake halal a wannan benci laifi ne a wancan. Bambancin wasan labari shi ne littattafansa da kansu sun ba jagora izinin sauya doka, kuma da wuya ka sami tebur biyu da suke tafiya iri ɗaya. Cikin dokokin da aka fi yi wa kwaskwarima kuwa har da ta horo, dalilin haka kuma yana cikin tarihinta.

A littafin jagora na 1979, wato na bugun farko, Gygax ya shimfiɗa doka mai tsauri. Idan jarumi ya cika maki ba zai hau mataki ba sai ya yi horo, galibi a hannun wanda ya fi shi a sana'arsa (mayaƙi, ɓarawo ko mai sihiri), kuma daga ranar da makin ya cika ba zai ƙara tara ko ɗaya ba sai ya kammala horon. Jagora zai ba kowane ɗan wasa daraja daga 1 zuwa 4 bisa yadda ya riƙe halin jaruminsa, inda 1 take nufin ya yi kyau ƙwarai, 4 kuma ya yi sakaci, sannan wannan darajar ce take zama yawan makonnin horo. Kuɗin kuwa dinari 1,500 ne a kowane mako, a ninka da matakin da jarumin yake kai. Mayaƙin da yake mataki na biyar, aka ba shi daraja 2, zai biya 15,000 ke nan kafin ya taka na shida. A wancan zamani kowane dinari da jarumi ya fito da shi daga kogo maki ɗaya ne, don haka dukiya takan taru a hannun jarumai fiye da abin da za su saya da ita, kuma a fili yake cewa ɗaya daga cikin manufofin dokar shi ne ta kwashe wannan dukiya domin jarumai su ci gaba da jin yunwar fita nema.

Sai dai lissafin ya karye tun daga matakin farko. Ɓarawo a wancan bugu maki 1,251 yake bukata ya hau mataki na biyu. Ko da a ce duk makinsa daga zinariya ya same shi, bai sayi ko igiya ba, kuma jagora ya ba shi darajar da ta fi kowace kyau, abin da yake hannunsa bai kai 1,500 ɗin da malami zai karɓa ba. Idan kuma aka ba shi daraja 3, bashin 4,500 ne a wuyansa, ga shi an rufe masa ƙofar tara maki, sai dai ya yi ta shiga haɗari yana tara kuɗin makaranta. Mayaƙi da yake bukatar 2,001 da mai sihiri da yake bukatar 2,501 sun ɗan fi shi sarari, amma su ma da zarar darajarsu ta wuce 1 sun shiga irin wannan rami. Ba abin mamaki ba ne da masu wasa da yawa na wancan lokaci suka rage kuɗin ko suka jingine dokar gaba ɗaya, har bugu na biyu na 1989 ya mayar da horo zaɓi, ya kuma daina ɗaukar zinariya a matsayin babbar hanyar samun maki.

A ganina, aibin da ya fi na kuɗin girma shi ne na bayar da daraja. Mutanen da suke zaune a teburina abokaina ne da 'yan'uwana, wani ya girme ni, wani ya fi ni karatu, kuma sun zo ne su huta daga wuraren da ake auna su kullum. Ranar da na fara duban abokina in ce masa yau aikinka na daraja 3 ne, don haka jaruminka zai yi mako uku a makaranta ya biya ninki uku, ranar ce zumunci zai fara tsami, kuma mai kunya da ba ya iya kwaikwayon muryar jaruminsa shi ne zai riƙa shan hukuncin kullum, mai baki kuwa ya riƙa wucewa. Wannan ɓangaren na dokar ban ga abin ɗauka a cikinsa ba ko kaɗan.

Amma akwai abin da Gygax ya gani daidai, wanda mutane suka zubar tare da sauran. A cikin wannan littafi ya nanata, har da manyan baƙaƙe, cewa dogon labari ba zai yi ma'ana ba idan ba a riƙe lissafin kwanaki da kyau, har ya ba da shawarar cewa tsakanin zama da zama a ɗauki kowace rana ta zahiri a matsayin rana ɗaya a cikin labari. Teburinsa ba irin namu ba ne: mutane da yawa suke shiga suna fita, wasu da jarumi fiye da ɗaya, don haka idan jaruminka yana wurin horo na mako uku, wata tawaga tana iya riga ka zuwa taskar da ka hango, kai kuma ka ɗauki wani jarumin ka yi wasa da shi kafin nan. A irin wannan tsari horo yana da farashi na gaske, farashin kuwa lokaci ne. Da aka koma tebur mai mutum biyar da ba sa rabuwa, sai horo ya zama jumla ɗaya da jagora yake faɗa, wato mako uku sun wuce, a rage kuɗi a takarda a ci gaba. Dokar da ba ta sauya komai a labari kuwa, mantawa da ita ake yi.

Littafin jagora na 2014 ya dawo da horo a matsayin zaɓi, amma a sassauce har ya kusa zama wasa. Hawa mataki na 2 zuwa na 4 kwana 10 ne da dinari 20, na 5 zuwa na 10 kwana 20 da dinari 40, na 11 zuwa na 16 kwana 30 da dinari 60, na 17 zuwa na 20 kuma kwana 40 da dinari 80. A jadawalin kaya na wannan bugu, dogon takobi dinari 15 ne, cikakken sulke kuma 1,500, wato jarumin da ya kai ga kayar da manyan dodanni yana biyan malaminsa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sulkensa ba. Wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne littafin 'yan wasa na wannan shekara ya ce koyon sabon harshe ko sarrafa kayan wata sana'a yana cin kwana 250, a kan dinari ɗaya kullum. Ke nan koyon sassaƙa ya fi wata takwas, zama gwanin yaƙi na mataki na gaba kuwa kwana goma. An rage wancan adadi daga baya a wani littafin ƙari na 2017 zuwa kimanin mako goma, amma rashin daidaiton ya nuna cewa lambobin ba a gina su a kan wani tunani guda ba, kuma jagoran da ya sauya su bai ɓata komai ba.

Ga abin da muka tsayar a teburinmu bayan muhawarar. Mun raba abin da mataki yake kawowa gida biyu. Akwai abin da jiki yake koya da kansa, kamar ƙarin juriya da saurin hannu da ƙwarewa a abin da jarumi ya riga ya iya, wannan yana samunsa da zarar makinsa ya cika kuma ya kwana a wurin da babu tsoro, ko a daji ne. Akwai kuma abin da sai an koya wa mutum, kamar sabon laƙani mai daraja da bai taɓa riƙewa ba, ko zaɓen reshen sana'a, ko shiga wata sana'a daban irin abin da ƙanena ya so yi, wannan kuwa sai da malami. Ba mu ɗora wannan sharaɗi a kowane mataki ba, domin zai gundure mu. Mun ɗora shi a mataki na 3, inda yawancin jarumai suke zaɓen reshe, da na 5 da na 11 da na 17, waɗanda littafin da kansa ya ɗauka a matsayin mashigar sabon babi na ƙarfin jarumi. Sau huɗu ke nan a rayuwar jarumi gaba ɗaya, kuma da yake yawancin labarai ba sa kaiwa mataki na 11, a aikace sau biyu ne.

Malamin kuma ba ya karɓar kuɗi. Wannan ne ɓangaren da na fi alfahari da shi, kuma ban ɗauko shi daga wani littafi ba, daga abin da kowa ya sani ne a garuruwanmu, inda yaron maƙeri ko na tela yake biyan ubangidansa da hidima da aike da haƙuri kafin a yaye shi. Malami a labarinmu mutum ne mai suna da gari da abokan gaba da bukata, kuma abin da yake nema daga jarumi aiki ne. Tsohuwar da ta yarda ta koya wa ɓarawon ƙanena karatun sihiri ta ce sai ya dawo mata da kundin da wani tsohon ɗalibinta ya gudu da shi, wanda hakan ya ba mu zama biyu cur na labarin da ban shirya shi ba tun farko, ya kuma ba ɓarawon damar amfani da sana'arsa ta asali wajen sayen sabuwa. Yau idan aka ambaci tsohuwar nan a tebur kowa yana da abin faɗa a kanta, har da waɗanda ba ta koya musu komai ba, alhali da dinari 40 aka cire a takarda babu wanda zai tuna. Daga nan ne kuma muka ƙara sharaɗin cewa duk wanda yake so ya shiga wata sana'a ya faɗa tun yana mataki ɗaya kafin lokacin, domin in sami damar sa malamin a hanyarsa, shi kuma ya nuna a cikin wasa cewa jarumin ya fara sha'awar abin.

Sai batun kwanaki. Mun ɗauki kwanakin da littafin 2014 ya bayar kamar yadda suke, amma na ɗauki alkawarin cewa duniya ba za ta tsaya tana jiran jarumai ba. Ina da takarda ɗaya da nake rubuta abin da kowane ɓangare na abokan gaba yake ƙullawa da kwanakin da zai ɗauka, kuma idan jarumai suka zauna horo na kwana ashirin, sai in matsar da kowane ƙulli gaba da kwana ashirin. Lokacin da suka tsaya horon mataki na biyar, 'yan fashin da suka bari a kogo sun sami sararin ƙaura da ganimarsu, suka kuma ƙone wani ƙauye da jaruman suka taɓa kwana a cikinsa. 'Yan wasan sun san haka tana iya faruwa kafin su zaɓa, domin na gaya musu a fili, kuma sun yi kusan rabin awa suna gardama a kan ko su koma kogon da ƙarfin da suke da shi ko su tafi neman ƙari. Wannan gardamar ita ce ribar dokar. Mun kuma yarda cewa tawaga tana horo a lokaci guda, wanda ba shi da abin koya a wannan karo sai ya faɗi abin da jaruminsa ya yi da kwanakin, ko ciniki ko ziyara ko bincike, domin kada wani ya zauna yana kallon wasu.

Mun leƙa wasu wasannin ma kafin mu tsaya a nan. A RuneQuest na 1978 da Call of Cthulhu na 1981, dukansu na kamfanin Chaosium, babu mataki sam: kowace fasaha tana da lambarta cikin ɗari, idan ka yi amfani da ita ka yi nasara sai ka yi mata alama, a ƙarshen babi ka jefa 'ya'yan lido masu ba da lamba daga 1 zuwa 100, idan abin da ya fito ya haura lambar da kake da ita sai fasahar ta ƙaru. Hikimar tsarin ita ce sabon shiga yana saurin ƙaruwa, gwani kuwa da ƙyar, kamar yadda yake a rayuwa. Mun gwada ɗora irin wannan a kan namu wasan na zama biyu, sai muka ga kowa yana neman dalilin hawa bango ko buɗe kwaɗo ko da babu bukata, don dai ya sami alama, muka bar shi. Dungeon World na 2012 kuma yana ba da maki ne idan jifa ta faɗi, wato idan 'ya'yan lido biyu suka ba da 6 ko ƙasa da haka, bisa tunanin cewa daga kuskure ake koyo, wannan kuwa mun ɗan aro shi: wanda jaruminsa ya sha mummunan kaye a zama, kuma ya karɓi kayen ba tare da ƙorafi ba, yana samun ɗan ƙarin maki da muka ƙayyade tun farko. Akwai kuma tsohuwar dokar bugun farko na wasanmu da ta ce wasu jarumai, idan sun kai manyan matakai, ba za su hau ba sai sun kayar da wanda yake riƙe da matsayin, domin kujerun ƙidayayyu ne. Tana burge ni, amma har yanzu babu jaruminmu da ya yi nisan da za a gwada ta a kansa.

Ba zan ɓoye cewa akwai mai adawa da wannan tsari a teburinmu ba, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Abokin aikina, wanda yake riƙe da mayaƙi, ya ce mu da muke samun awa uku ko huɗu a mako biyu, a ciki ma mu tashi sallar magariba, bai ga dalilin kashe zama guda wajen neman malami ba alhali labarin da muka taru dominsa yana jira. Ya ƙara da cewa shi ɗauka yake jaruminsa yana atisaye kowace safiya ko ba a faɗa ba, kamar yadda ba a faɗar cin abincinsa da wankansa, don haka hawa mataki bayyanar abin da aka daɗe ana tarawa ne. Na yarda da shi a kan mayaƙi, shi ya sa ma muka bar abin da jiki yake koya ya zo da kansa. Na kuma yarda cewa akwai labaran da dokar horo take lalatawa, musamman waɗanda aka gina a kan gaggawa, inda aka ce nan da kwana bakwai za a hallaka gari idan ba a kai ɗauki ba. Jagoran da ya ɗora horon kwana ashirin a kan irin wannan labari ya saka 'yan wasansa a tsaka mai wuya ba tare da laifinsu ba, kuma gara ya jingine dokar har babin ya wuce.

Shi abokin nawa tsarin zango ya fi so, wanda ya yaɗu ƙwarai tun bayan 2014, inda ba a lissafin maki sam, sai dai jagora ya sanar cewa kowa ya hau mataki idan aka kai wani muhimmin wuri a labari. Tsarin yana da sauƙi, yana kuma kawar da ɗabi'ar kashe duk abin da ya motsa don neman maki. Wani wasan mai suna Pathfinder a bugunsa na biyu na 2019 ya bi wata hanyar sauƙaƙawa, ya mayar da kowane mataki maki 1,000 daidai. Abin da ya hana ni sakin jiki da tsarin zango shi ne yana tattara komai a hannun jagora, har 'yan wasa su koma suna duban fuskarsa suna neman gane inda yake so su bi, domin sun san ta can ne mataki yake. Maki kuwa, duk da wahalar lissafinsa, yana gaban kowa a rubuce, ɗan wasa yana iya cewa saura mini 400, bari mu ɗauki wannan kasadar. Saboda haka muka riƙe maki, amma muka mayar da shi na tawaga gaba ɗaya, adadi ɗaya ga kowa, har da wanda bai sami zuwa ba. A da muna hana wanda ya yi fashi makin ranar, sai muka lura cewa wanda aikin asibiti yake hanawa zuwa shi ne kullum a baya, jaruminsa yana ta raguwa a cikin sa'o'insa, rashin zuwan da ba da son ransa ba ya zama masa hukunci biyu.

Duk waɗannan dokoki sun shiga shafi ɗaya da muka rubuta da hannu, kowa ya karanta ya amince, muka kuma yarda cewa ba za a sauya ko ɗaya a tsakiyar zama ba, sai a ƙarshen babi. Kuskurena a rigimar kogo shi ne na so in ƙirƙiro doka a daidai lokacin da ƙanena ya zo cin moriyar rashinta, abin da ko a lido ba a yarda da shi ba, kuma da ya ce littafi ne ya ba shi, ba ni da amsar da ta wuce in ba shi haƙuri in roƙe shi ya jinkirta. Ya jinkirta, bisa sharaɗin cewa dokar za ta hau kan kowa har da jaruman da ni nake riƙewa a ɓangaren abokan gaba, wanda hakan ya sa yanzu shugaban 'yan fashin ma sai na rubuta inda ya je ya ƙaro dabara da kwanakin da ya yi a can.

Abu ɗaya ya rage da ba mu daidaita a kansa ba, kuma a kansa nake fatan jin ra'ayin masu karatu da suke irin wannan wasa, ko a gida ko a ƙasashen waje. Idan jarumi ya mutu a mataki na shida, ɗan wasan ya ƙirƙiro sabo, a wane mataki sabon zai shigo? Ni ina ganin ya shigo daidai da sauran, amma ba tare da malami ko alaƙar da tsohon ya gina ba, ya fara neman nasa daga tushe. Mutum biyu a teburin suna ganin ya shigo da mataki ɗaya ƙasa domin mutuwa ta kasance da zafi, ƙanena kuwa, wanda ɓarawonsa mai karatun sihiri ya rage da numfashi kaɗan a ƙarshen zaman da ya wuce, ya ce ba zai faɗi ra'ayinsa ba sai ya ga yadda jifar Asabar mai zuwa ta kasance.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Kaduna.